Madubin Hangen Nesa Mai Ido Biyu

"Na ce kar ku taɓa!"

Maman 'yan biyu ta fizge abin daga hannun Ƙarama, ta riƙe shi da gefen zaninta kamar garwashi. Madubin hangen nesa ne, baƙi, mai ido biyu, igiyarsa ta sha jiki. Yanzun nan 'yar Malam ta miƙo shi daga bakin ƙofa ta juya.

Malam tsohon malamin Turanci ne. Gidansa na ƙetaren filin ƙwallo, saitin tagar benen da suke haya. Tun yaran suna rarrafe ya mai da su jikokinsa. Da suka yi baki, sai ya ce tunda su biyu ne, Turancin abubuwa bibbiyu zai fara koya musu.

"Takalmi ƙafa biyu?"

"Pair!"

"Keke mai taya biyu?"

"Bicycle!"

"Ku fa?"

"Twins!"

"Inji wa? Ku double wahala ne," sai ya yi ta dariya har hularsa ta karkace.

Daga baya tari ya kama shi, ya fara ramewa. Maman 'yan biyu kuwa ta san tari, tarin fuka ne ya ɗauke mata ƙane. Ran nan ta hana yaran zuwa.

"Ki tambayi abin da ke damunsa mana," inji mijinta.

"Wa zai faɗa maka gaskiya? Ni dai 'ya'yana."

Yanzu ga Babba tana kuka, tana jan zaninta. "Mama, binoculars ne! Anti ta ce Kaka ya ce mu riƙa kallonsa ta taga, kowa ta ɗauki ido ɗaya."

"Ku wuce ku wanke hannu. Da sabulu!"

Ta goge madubin da ruwan bilic, ta ƙulle a leda, ta cilla saman kwaba. Ta saki labulen tagar.

Malam bai kai ƙarshen damina ba. Wata safiya ta hango mutane sun cika ƙofar gidan, ta ajiye tsintsiyar hannunta ta yi salati.

Da ta je gaisuwa, can bakin ƙofa ta rakuɓe, tana rufe hanci da mayafi kamar mai share hawaye. 'Yar Malam ta taso ta kama hannunta.

"Maman 'yan biyu, Allah ya saka da alheri. Yaranki sun ɗebe masa kewa."

Ta ɗago kai.

"Kullum da yamma sai mun fito masa da kujera tsakar gida, ya fuskanci tagarku. Ya ɗaga takalmansa sama, ya ɗaga tabarau, ya sa in riƙe masa almakashi. Wai darasi yake ba su. In na ce Baba labulen a sake yake, sai ya ce, 'Ke ba ki san su ba, ta gefe suke leƙe.'"

"Tarin..." inji ta. "Me likita ya ce?"

"Zuciya ce. Ita ta tara masa ruwa a huhu, duka biyun. Ba a ɗauka. Na ce bari in je in gaya miki, ya hana. Ya ce kar in sa ki jin kunya, wata rana za ki tambaya da kanki."

Ta sauke mayafin daga hancinta a hankali. Ba ta san yadda ta tsallake filin ba.

A gida ta jawo kujera ta hau, ta lalubo ledar. Ƙura ta rufe ta, warin bilic ɗin ma ya gushe. Ta yaye labulen.

"Ku zo."

Yaran suka kalle ta, ba su motsa ba.

"Za ki yi faɗa?" inji Ƙarama.

"Ba zan yi ba. Ku zo."

Ta riƙe musu madubin saboda ya yi musu nauyi. Suka haɗa kai, kunci a jikin kunci, Babba ta ɗauki idon dama, Ƙarama na hagu.

"Ga kujerar Kaka!"

"Ga takalmansa a ƙasa," inji Babba. Ta yi shiru kamar mai jiran a tambaye ta, sannan ta faɗa a hankali, numfashinta na dusashe gilashin tagar: "Pair."