Uwa Biyu a Shagon Hajiya Ƙulu

Shekara ashirin Hajiya Ƙulu tana ɗinki a unguwar Nkembo, ba a taɓa dawo mata da riga an ce ta matse ba. Da wannan sunan take cin abinci, kuma ba ta wasa da shi.

Da gara ta fara cin littattafan awonta, sai Nazira, 'yar ƙanwarta, ta zuba mata su a kwamfuta. Ta raba aikin biyu. Akwai "fuska", abin da ake gani ana latsawa, ɗaya a wajen Ismaïl mai awo, ɗaya a wajen Abdoulaye mai yanka. Akwai kuma "uwa", inda awon yake zaune, ita fuskokin suke tambaya.

"Inna, fuska ana canza ta duk sanda na aiko mizajur, wato sabon gyara," in ji Nazira. "Uwa kuwa ɗaya ce, ba a taɓa ta."

Hajiya ta ce ta ji. Amma abin ya tsaya mata a rai. Uwa na wajen Ismaïl, kwamfutar Abdoulaye na can lungu, marainiya, sai roƙo ta waya. Ta kira mai gyaran waya na maƙwabta ya kwafo uwar, ya haɗa wa Abdoulaye tasa. Ranar har sadakar ƙosai ta yi.

Shekara biyu lafiya lau, don matan unguwa ba sa yarda a sake auna su, baƙuwa kuwa Ismaïl da baki yake ƙwala wa Abdoulaye awonta. Sai ga ankon bikin wata 'yar unguwa, Yasmine, mata arba'in. Hajiya ta tilasta aka auna kowa. Ismaïl ya zuba sabon awo a uwarsa, Abdoulaye ya yanka da tsohon awo na tasa uwar.

Ana gobe biki Nazira ta gano. "Inna, uwa biyu kika yi? Duk rigunan nan na bara waccan ne!"

Kafin Hajiya Ƙulu ta buɗe baki sai ga Hajiya Aïssatou, shugabar mata, ta zo gwaji. Mutum biyu suka ja zif ɗin, ya hau da kyar.

"Ƙulu, ƙugu nawa kwamfuta ta ce?" ta tambaya, murya na fita a sirance.

"Tamanin da biyu, Hajiya. Amma Ismaïl ya auna casa'in da bakwai, laifina ne..."

"Tef ɗin Ismaïl ne ya lalace. Inji ba ya ƙarya."

Kafin la'asar labarin injin da ba ya ƙarya ya zagaye Nkembo. Mata arba'in suka karɓi rigunansu, babu wadda ta ce tata ta matse. A wajen biki ba wadda ta zauna, ba wadda ta taɓa shinkafa, ana ta rawa a tsaye ana numfashi sama-sama.

Ran Litinin Nazira ta zo goge uwar bogi. Hajiya Ƙulu ta rufe kwamfutar Abdoulaye da mayafinta.

"Waccan za ki goge, ɗiyata. Ta gaskiyar."