Gonakin Gengo a Kan Wata

Chizuru da Nobue sun tsufa tare a shagonsu na buga zane, a wani lungu na birnin Kanazawa. Chizuru ce ke zana hoto ta sassaƙa shi a jikin katako. Nobue ke shafa launi ta danna takarda, kuma da yake ita ce mai baki, ita ke magana da masu saye. Tun suna 'yan mata take ce wa Chizuru Yaya, ko da yake ba su haɗa jini ba. Lokacin da Gengo, mijin Chizuru, ya rasu, Nobue ce ta tare a gidanta, tana dafa mata miya tana tilasta mata sha.

Ɗan Nobue, Ryusei, injiniya ne a wani kamfani a Tokyo da ke ƙera na'urar da za ta sauka a kan wata. Shi ya kawo musu labari cewa kamfanin na neman zane ɗaya da za a karce a ɗan faifan ƙarfe, a manna a jikin na'urar, ya tafi ya zauna can.

Chizuru ta ajiye duk wani aiki. Ta zana gonakin shinkafa na ƙauyen su Gengo, hawa-hawa a jikin tudu, cike da ruwa, kowace gona da nata watan a ciki. A bakin gona ta ƙarshe ta tsayar da wani ɗan mitsitsin mutum da fartanya a kafaɗa, ya ɗan karkata hagu yadda Gengo yake tsayuwa. Da Nobue ta gani sai da ta share hawaye. Ita ta kai zanen Tokyo, saboda gwiwoyin Chizuru ba sa jure doguwar tafiya. Ta dawo da tsarabar alawa, ta ce mutanen suna shawara. Duk sanda Chizuru ta tambaya, amsar ke nan.

Wata rana da azahar Chizuru na cin taliya a shagon da ke bakin kasuwa, sai mai shagon ya nuna mata talabijin da ludayi, ya ce ai ga ƙawarta can. Nobue ce kuwa, cikin sabon kimono, rigarsu ta gargajiya, ɗanta a gefe, ana ta ɗaukar su hoto. Aka nuno faifan kusa. Gonakin nata ne, watannin nata ne. Gengo ne babu. A inda yake tsaye an buga hatimin sunan Nobue.

Chizuru ta bar taliyar ta koma shagonsu, ta jira har washegari da Nobue ta dawo.

Nobue ba ta yi musu ba. Ta ce kamfanin labarin uwa da ɗa yake so, uwa ta zana, ɗa ya kai wata. Aikin Ryusei kuma yana rawa tun bara, wannan ne zai tsayar da shi. Game da ɗan mutumin cikin zanen kuwa, ta ce masu karcen ne suka ce ya yi ƙanƙanta, ba zai fito ba.

"Hatimin naki fa?" in ji Chizuru. "Shi ya fito?"

Nobue ta sunkuyar da kai tana gyara burushin da ba ya buƙatar gyara.

"Da kin roƙe ni sunan, da na ba ki. Me zan yi da suna a shekaruna? Gengo kaɗai nake so ya je," in ji Chizuru.

"Yaya," Nobue ta ce a hankali, "ke ba ki haihu ba, ba za ki gane ba."

Chizuru ta daɗe tana kallonta. Wannan matar ce ta raka ta asibiti duk lokacin da cikinta ya zube. Chizuru ta naɗe wuƙaƙen sassaƙarta a zane, ta ajiye makullinta na shagon a kan tebur.

Kafin sanyi ya shigo ta koma gidan ƙanwarta a Toyama. Maƙwabta sun ce ta kai ƙara, 'yan jarida ma za su so labarin. Ta ƙi, don ta goyi Ryusei yana jariri. Nobue ta yi ta kiran waya, ƙanwar na cewa ba ta nan. Ranar da na'urar ta sauka lafiya, unguwa duka na gaban talabijin, Chizuru tana bayan gida tana shanya wanki.