Wutar da Ta Kama a Hanyar Zango

Ranar sadakar bakwai ta Inna, bayan an naɗe tabarmi, Mahdi ya shiga ɗaki ya ɗauko kwamfutarsa ta duba mota. Ƙaramar aba ce, ba ta fi tafin hannu biyu ba, amma saboda ita har daga Kongolam ake kawo masa motoci garejinsa a Daura.

Motar yayansa Abbas tana ƙofar gida ƙarƙashin dalbejiya, inda aka jawo ta aka ajiye. Kwana biyu kafin rasuwar, Abbas ya kai masa ita ya ce tana mutuwa in ta ɗau zafi. Mahdi ya jona kwamfuta, lamba ta fito: P0335, wato sensar da ke gaya wa inji lokacin ba da wuta. Ya canja sensa, ya goge lambar, ya daki bonet ya ce, "Yaya, ka je Agadas ka dawo."

Ranar Alhamis ciwon Inna ya tashi a ƙauye, bayan Zango. Abbas ya ɗauko ta zuwa asibiti. Motar ta mutu a tsakiyar gonakin gero da rana tsaka. Kafin a samu wata, Inna ta cika a kujerar baya, kanta a cinyar Zulfa, matar Abbas.

Ba wanda ya ce wa Mahdi komai game da motar. Shi ma bai yi kuka ba. Ya karɓi gaisuwa, ya ci abin da aka ba shi, kamar an ba shi aron jikin wani. Abu ɗaya yake son sani. In wata lamba daban motar ta ajiye ranar, to wata matsala ce ta taso. In kuwa wannan ce dai, aikinsa ne.

Ya jona kwamfutar ƙarƙashin sitiyari, ya murɗa makulli. Ko ƙyas.

Kawu Nagoggo, ƙanin Inna, tsohon direba, yana kan benci yana jan carbi. Ya ce, "Ai na cire batir tun ranar. Motar da za ta daɗe tsaye ba a barin ta da batir, sai ya zuƙe. Yana ƙarƙashin gadona."

"Kawu, irin wannan tsohuwar in aka cire mata batir mantawa take da komai."

"To ta huta. Mu da kunne muka yi tuƙi shekara talatin. Ku kuwa sai kun tambayi talabijin."

Mahdi ya ɗauko batirin ya ɗaura. Allon kwamfutar ya haska, ya ce babu lamba ko ɗaya. Ya daɗe yana kallonsa. Da zai nannaɗe wayarsa ya koma ciki, har ƙarshen rayuwarsa ba mai iya cewa ga abin da ya faru, har shi kansa.

Ya tayar da motar. Ta ɗauka bugu ɗaya, lafiya lau.

Abbas ya fito daga zaure. "Ina zuwa?"

"Hanyar Zango. Sai ta yi zafi take faɗin gaskiya."

Abbas ya zagayo ya shiga gaba. Bai dubi kujerar baya ba. Takalmin Inna ƙafa ɗaya yana nan a ƙasa.

Suka fita daga gari bayan azahar. Gero ya yi kai, babura na wuce su da buhuna. Mahdi yana tuƙi, ido ɗaya a kan titi, ɗaya a kan allon mota. Minti ashirin motar tana tafiya lafiya. Har ya fara jin wani abu mai kama da fata.

Sai motar ta yi tari. Wutar gargaɗi mai ruwan ɗorawa ta kama a allon mota, inji ya ɗauke, suka gangara gefen titi.

Ya danna kwamfutar. P0335.

Bai ji komai ba. Ya fita ya buɗe bonet, zafi ya bugi fuskarsa. Sabuwar sensar tana nan daram. Ya kama wayarta ya bi ta da yatsa, a hankali, har can ƙasa inda ido ba ya kaiwa. Yatsansa ya taɓa ɓawon gyaɗa. Ya zaro tsumma da ɓawo cikin tafin hannu, sannan ya jawo wayar. An gwaguye robarta, jan ƙarfen ya fito tsirara. In inji ya yi zafi ta saki, sai ta taɓa jikinsa, wuta ta ɗauke.

"Yaya, a ƙauye ina kake ajiye ta?"

"Gefen rumbu. Me ta ce?"

"Ɓera ne ya ci waya." Ya nuna masa. "Tsohuwar sensar lafiyarta ƙalau. Lambar cewa ta yi in duba hanyar duka, ni kuwa sensa kawai na canja. Da na bi wayar ranar Talata, da na gani."

"Aikin minti nawa ne?"

"Goma."

Abbas ya dubi gonakin. Wata mata tana wucewa da tulu a kai, ta yi musu sannu, ya amsa. Mahdi ya jira mari, ko zagi, ko a ce masa kwana ne ya ƙare kamar yadda kowa ke faɗa tun ranar Alhamis. Abbas bai ba shi ko ɗaya ba.

Ya ce, "Gyara. Gobe zan mai da su Goggo da suka zo sadaka gida."

Mahdi ya yanke inda aka ci, ya haɗa, ya naɗe da salatif, ya ɗaure wayar nesa da jikin inji. Ya bi sauran wayoyin ɗaya bayan ɗaya, har waɗanda ba ruwansu. Hannunsa ya ƙone wuri biyu, sai daga baya ya gani.

Motar ta tashi. Kwamfutar ta tambaye shi ko a goge lambar. Ya ɗora yatsa a kan maɓallin, ya tsaya.

"Wutar nan ba za ta mutu ba?" in ji Abbas.

"In ta yi tafiya biyu uku lafiya, da kanta za ta mutu."

Ya zare kwamfutar bai goge ba. Suka juya zuwa Daura, wutar tana ci a gabansa. Da suka taka wani rami, takalmin ya gangaro ƙarƙashin kujera ya tsaya a dugadugin Abbas. Ya sunkuya ya ɗauka, ya riƙe a cinyarsa har gida.