Ba Iska Ba Ce

Tun ranar da Gaik Suan ta dawo gida da jaririyarta aka rufe tagar ɗakin, aka toshe ƙasan ƙofa da tsumma, aka fitar da fanka. A Penang kuwa, garin da mutum ke jiƙewa da gumi tun kafin hantsi. Uwar mijinta ta ce jikin mai jego a buɗe yake, kowace gaɓa ƙofa ce. Iska na samun hanya sai ta shige ƙashi ta zauna har tsufa, sanyi ya biyo ta, laima ta biyo sanyi. Saboda haka wata guda babu wanka, babu wankin kai, babu ruwan sanyi. Kaza da citta da man riɗi da giyar shinkafa, safe da yamma.

Gaik Suan ta haƙura ne saboda mijinta, Teik Hock, malamin kimiyya a sakandare. Lokacin da yake nemanta ba wanda ya kai shi yi wa waɗannan abubuwa dariya. Har tawul yake naɗawa a ka yana kwaikwayon uwarsa tana gudun iska.

"Ƙyale Ah Bu ta yi abinta," ya ce mata, don haka yake kiran uwarsa. "Citta ba ta kisa. Ranar da wani abu ya taɓa ki da gaske, ni zan ɗauke ki zuwa asibiti, ko da ta kwanta a bakin ƙofa."

Da ƙaiƙayi ya ishe ta, wata rana ta faki ido ta wanke kanta da ruwan ɗumi. Tsohuwar na shigowa ta ja hanci.

"Sabulu nake ji. To, 'yar boko, kin buɗe wa iska ƙofa. Sai ki jira baƙuwarki."

Ba a jima ba zazzaɓi ya zo. Mararta ta riƙa ciwo kamar an ɗora garwashi, jinin da ke fita ya canza wari. Tsohuwar ba ta yi faɗa ba, kai kawai ta gyaɗa irin na wadda maganarta ta tabbata. Ta ƙara citta a tukunya, ta ƙaro bargo.

"Teik Hock, asibiti," in ji Gaik Suan.

"Bari Sinseh Khor ya fara duba ki, hankalin Ah Bu ya kwanta. Daga nan sai mu tafi."

Da rana tsaka Sinseh Khor, mai maganin gargajiyar unguwar, ya hawo bene yana haki. Ya ɗora yatsu uku a wuyan hannunta. Ya sa ta fito da harshe. Ya tambayi abin da take ci, da ko tana jin ƙishirwa. Bai ce mata komai ba, domin ba a gaban mai ciwo ake faɗa ba, maigida ake ja gefe. Sai dai bangon ɗakin na katako ne, bai ma kai rufi ba.

"Wa ya ce maka iska ce?" ta ji muryar tsohon. "Harshenta ja wur, da rawaya a kai. Jijiyarta gudu take. Wanda iska da sanyi suka kama ba ya roƙon ruwa haka. Wannan zafi ne mai dafi, ya shiga mahaifa, ku kuma kuna zuba masa citta da giya. Ganyena ba zai kamo shi ba. Ka kai ta asibiti yau, su yi mata allura."

Gaik Suan ta lumshe ido. Ta fara laluben takalmi da ƙafa.

"Sinseh, a hankali, Ah Bu na ƙasa," in ji Teik Hock. "Rabin matan layin nan ita ta yi musu jego. In aka ji girkinta ne ya ƙara wa surukarta ciwo, ina za ta sa fuskarta? Haɗa mini wani abu mai sanyaya jiki in riƙa ba ta a ɓoye. Mu ga gobe."

"Na dai faɗa maka."

"Na ji. Gobe."

Ta saurara ko za ta ji tsohon ya ƙi. Ajiyar zuciya kawai ya yi. "Gidanka ne. Ka biyo ni kanti ka karɓa." Mutum biyu, ɗaya ya san jiki, ɗaya ya san littafi, duk sun san abin da ke cin ta, suka tsaya a kan gobe don kada ran kowa ya ɓaci.

Teik Hock ya shigo da murmushi. Ta dube shi, ta ba shi dama.

"Me ya ce?"

"Babu komai. Iska ce ta ɗan shige ki." Ya gyara mata bargo. "Wankin kan nan ne, Suan. Da kin ɗan daure."

Da ya tsaya a ƙaryar farko, wataƙila da ta yi kuka ne kurum. Amma ya ɗauki laifin ya ɗora mata a ka, da hannun da ya taɓa naɗa tawul yana ba ta dariya.

Ta ture bargon. Ta dafa bango har taga, ta zare sakata. Iskar teku ta shigo ta bugi rigarta da ta jiƙe. A ƙasa wani mai keken ɗaukar fasinja na gyangyaɗi a inuwa. Ta ƙwala masa kira.

"Kawu, jira ni, asibiti za mu."

"Suan, me kike yi?"

"Katakon nan bai kai rufi ba, Malam. Kai ne mai kimiyya, ka san sauti na tafiya."

Ta ɗauki jaririyar. A kan matakala ta yi kiciɓis da tsohuwar riƙe da kwanon kaza yana tururi.

"Ina zuwa da ɗanyen jiki? Iska za ta gama da ke."

"Ah Bu, ke kin yarda da abin da kike yi, ban riƙe ki ba. Tambayi ɗanki abin da Sinseh ya ce."

Tsohuwar ta juya ta dubi ɗanta. Shi kuwa yana kallon kwanon.

Mai keken ya taimaka mata ta hau, ya ga yadda take kyarma, bai tsaya ciniki ba. Sun fara motsawa ke nan Teik Hock ya fito a guje ba takalmi, da wani ɗankwali a hannu.

"Suan, maƙwabta na kallo. Ko kanki ki rufe."

Ta dubi ɗankwalin, ta dubi mijinta. Ta gyara wa 'yarta zani.

"Kawu, taka da sauri."