Kifin Anacleto

Herminda ta wurga igiyar fatsa a karo na uku, ƙugiyar ta tsallake kogin Malleo gaba ɗaya ta komo baya, ta cire hular Ubaldo daga kansa.

"Matar yaya, kifin yana gabanki. Ni ƙanin mijinki ne."

"To matsa, ƙanin mijina. Kanka ya cika girma."

Sati biyar ke nan da binne mijinta Anacleto. Shekara shida ya yi yana zuwa wannan gurbi kowace Lahadi saboda kifi guda ɗaya, irin wanda ake kira turuca, mai ɗigo-ɗigo, wanda ya rantse kaurinsa ya kai cinyar Herminda. Ba wanda ya taɓa ganinsa. Ya fige wutsiyar zakaranta tas yana ɗaura gashin a ƙugiya don ta yi kama da ƙwaro, har zakaran ya daina fitowa gaban kaji. Lahadinsa ta ƙarshe ya dawo yana haki, ya ce kifin ya kama, ya tsinke igiya ya gudu. Ita kuwa ta ce, "Maƙaryaci, wanke hannu ka ci abinci." Ranar Talata aka kai shi asibiti, bai dawo ba. Ba ta janye kalmar ba.

Yau ta zo da sandarsa ta fatsa, da wandonsa na roba da ya kai mata har hammata, da kasko, da mai, da albasa uku.

"In akwai shi, soya shi zan yi," ta ce. "In babu shi, na san da wanda na zauna shekara talatin da huɗu."

"A kogin nan ba a cin kifi. Kamawa ake yi a saki."

"Wannan haukanku ne na maza. A sha sanyi, a kama abinci, a ɗauke shi hoto, a ce masa sai an jima."

Ta sake wurgawa, ta kama reshen itace. Ta sake, ta kama bayan wandonta. Ubaldo ya yi dariya har ruwa ya shiga takalminsa. Da rana ta yi tsaka sai ta gaji, ta zauna a kan dutse, ta danne sandar da cinya, ta bar igiyar tana yawo yadda ta ga dama, ta soma zuba ruwan zafi a ƙoƙon shayin mate.

Sandar ta fizge. Ƙoƙon ya tafi kogi.

"Ɗaga! Ɗaga sama! Kar ki ja!"

"In ɗaga ko kar in ja? Zaɓi ɗaya!"

Ta faɗa ruwa a zaune, ta tashi, ta zagi kifin, ta zagi Ubaldo, ta kira sunan Budurwa Maryamu, duk ba ta saki ba. Ubaldo ya manta ragar kamu a mota, don haka da kaskon suka tare shi a bakin gaɓa. Kansa da wutsiyarsa duk sun yi waje.

Sai ta ga gefen bakinsa. Wata tsohuwar ƙugiya ce maƙale, ta yi tsatsa, da jan gashin zakara, an naɗe ta da koren ulu. Ta dubi hannun koriyar rigar sanyinta ta zuwa coci da ke jikinta, na hagu, wanda ya gajarce tun bara ta ɗora wa asu laifi.

"Ɓarawo," ta ce a hankali. Hancinta ya soma zuba, ta goge da kafaɗa.

Ubaldo ya cire hula.

Ta zare ƙugiyoyin biyu da yatsunta. Ta riƙe kifin a cikin ruwa, fuskarsa wajen da ruwan ke tahowa, yadda ta sha jin Anacleto yana bayani a kan tebur tana yi kamar ba ta ji. Ya ɗan tsaya a tafin hannunta yana numfashi, sannan ya kaɗa wutsiya ya watsa mata ruwa a fuska ya tafi.

"Ko hoto ba mu ɗauka ba," in ji Ubaldo. "Wa zai yarda?"

"Ba wanda zai yarda. Lahadi mai zuwa ka zo da wuri."

Ta soka tsohuwar ƙugiyar a gajeren hannun rigar, ta miƙa masa wuƙa ya yanka albasa. Tana ɗauraye kaskon ta dubi gurbin.

"Bai kai cinyata ba, Anacleto," ta ce. "Amma saura kaɗan."