Buhun Yashi a Bayan Keke

A hawa na shida Tela ya ji cinyoyinsa sun kama wuta. Buhun yashin da ya ɗaure a kariyar keke yana janyo shi baya, ga ƙofar asibiti can a kan tudu, kamar ba ta matsowa.

"Sauke giya, Tela!" Mai Faci ya ƙwala masa kira daga rumfarsa a gindin tudun. "Da tudu ake kokawa? Lallaɓa shi ake yi!"

Mai Faci ya yi tseren keke a ƙuruciyarsa, kuma ba ya bari kowa ya manta. Shi ya tsara masa komai: kowace safiya hawa shida, giya mai sauƙi, ƙafa na juyawa ba tsayawa, a huta a gangara, a sake. Sati bakwai ke nan.

Ba don wasa Tela yake wannan wahala ba. Maiɗakinsa ce ake wa wankin ƙoda sau uku a mako, kuma motar haya iyakarta gindin tudun. Da ƙafa suke ƙarasawa, tana hutawa sau huɗu a hanya. Ranar da ta zube a bakin titi, kafin su isa an ɗora wani a kan injin wankin. Nas ta gaya masa ba ɓoye-ɓoye: in suka sake makara, gurbinta na wani ne. Babur kuwa ta rantse ba za ta ƙara hawa ba tun da wani babur ya kayar da ita. Sai Tela ya ƙudura zai riƙa hawa da ita a keke, ya duba katinta na asibiti, ya ga kilo hamsin da takwas, ya auna yashi daidai haka a sikelin mai sayar da siminti.

Yau ce ranar farko da zai ɗauke ta. Ya sauke buhun a rumfar Mai Faci, ya ɗaura matashi a kariya, ya tsaya jiran motar da za ta kawo ta.

Ta sauko a hankali, ta kalli keken, ta kalle shi.

"Malam, in ka kayar da ni, ni da kai ne."

"Buhu bai taɓa kawo ƙarata ba."

"Ai buhu ba shi da baki."

Ta zauna a karkace, ta riƙe rigarsa. Ya taka. Wucewar kantin magani, inda kullum numfashinsa ke fara sarƙewa, bai ji komai ba. Kwanar da ke sa shi miƙewa tsaye a kan feda, yau a zaune ya sha ta. Wallahi har dariya ta kuɓuce masa.

"Kin ga aiki ko? Sati bakwai ba banza ba!"

"Na gani, Malam. Sannu da ƙoƙari," ta ce a bayansa, muryarta ƙasa-ƙasa.

Sun isa da sauran minti ashirin. Kafin a ɗora ta a inji, nas ta ce ta hau sikeli kamar kullum. A da, a nan Tela yake zubewa kan benci a waje yana mai da numfashi. Yau da yake bai gaji ba, sai ya biyo su ciki.

"Arba'in da shida," nas ta faɗa tana rubutawa.

"Hamsin da takwas dai," in ji Tela.

"Baba, wannan ai tsohon kati ka duba."

Ya juya ya kalli matarsa. Ta sunkuyar da kai tana gyara hannun riga. A nan idonsa ya sauka a gefen rigar. Shi ya ɗinka ta bara, ya san kowane zare a jikinta, amma ga wani ɗinkin hannu, ƙanana-ƙanana, an rage ta ta ciki. Shekara talatin yana auna mutane da ido kafin ya ɗauko tef, ga ta cikin ɗakinsa ta zube bai gani ba. Kunya da tsoro suka rufe shi lokaci guda.

"Yaushe kika rage ta?"

"Lokacin da kake fita hawan tudu. Kana dawowa da murna, Malam. Ban so in ɓata maka ba."

Awa huɗu ake yi a kan injin. Ya zauna kusa da ita har barci ya ɗauke ta, sannan ya gangara.

Mai Faci ya tare shi da washe baki. "Na gan ka! Kamar ba ka ɗauko kowa ba!"

Tela ya jingine keken. Da ya gaya masa abin da sikeli ya nuna, Mai Faci ya ajiye sifana. Sai ya jawo buhun, ya kama bakin igiyar.

"To, a zubar da kilo sha biyu ke nan. Ka sauƙaƙa wa gwiwarka."

Tela ya dafe hannunsa.

"Bar shi yadda yake. Nauyinta ke nan."

Ya ɗora buhun a kariya, ya ɗaure tam, ya juya keken ya fuskanci tudu.