Zuciyar Ya Kellu

Kwanon farfesun ya dawo yadda ya tafi, ko murfinsa ba a ɗaga ba. Ya Kellu ce da kanta ta kawo shi, tana dafa bango tana haki, ta dire shi a ƙofar ɗakin Ijeoma ta juya.

"Ya Kellu, mene ne haka?" Ijeoma ta fito da ludayi a hannu. "Kifi ne fa. Don ke na dafa."

"Na ƙoshi, Maman Ginika."

"Kin ƙoshi da me? Tun safe ban ga hayaƙi a murhunki ba."

"Na ce na ƙoshi."

Ta shige ɗakinta ta saki labule. Ijeoma ta tsaya tsakar gida tana huci, ta zazzaga magana da harshen Ibo wadda gara da ba wanda ya ji ma'anarta, sannan ta koma Hausa don ta tabbata saƙon ya isa. "Duk a kan fim! Babbar mace da ke, kina gaba da mutum a kan fim!"

Labulen ko motsi bai yi ba.

Gidan haya ne a unguwar Manawashi, ɗakunansu suna kallon juna. Ijeoma tana sayar da manja da garin rogo a ƙofar gida, mijinta Vitalis kuma yana da shagon kayan gyaran keke a bakin titi. Hausarta ta kasuwa ce, mai gudu, ba ta tsayawa neman kalma, duk wadda ta zo baki ita ce. Ya Kellu kuwa daga Borno ta zo shekarun baya, da zanen jikinta kaɗai. Mijinta da ɗanta ba su iso ba, ba kuma ta taɓa ba da labarin inda aka rabu ba. Turaren wuta take haɗawa tana sayarwa, in an saya a ci, in ba a saya ba Ijeoma ta san yadda take zuba miya ta yi yawa da gangan.

Abin da ya haɗa su fim ne. Da an yi la'asar sai su baza tabarma a gindin dogon yaron tsakar gida, a jingina waya da turmi, a kalli duk abin da mai tura fina-finai na bakin layi ya zuba wa Ijeoma. Kallon ma ba shi ne daɗin ba. Daɗin yana bayan an gama, lokacin yanke hukunci. Ijeoma maki take bayarwa cikin goma, kuma hannunta a sake yake: amarya ta yi kuka, bakwai, mugu ya sha duka, takwas. Ya Kellu ba ruwanta da lissafi. Mataki uku gare ta, daga sana'arta ta ɗauko su. Fim ko dai ƙamshi ne, ko hayaƙi, ko toka.

"Wannan hayaƙi ne," in ji ta wata rana, bayan sun gama wani na Indiya mai fassara. "Mutum ya daki ƙarti cike da mota, gashin kansa ko kwanciya bai sake ba. Kuma tun da aka fara ban ga ya sa loma a baki ba. Da me yake dukan?"

"Akta ne fa! Akta ba ya jin yunwa. Ni na ba shi takwas."

"Ke ai ko tallan sabulu aka sa miki sai kin ba shi takwas."

Wani na Hausa kuma, na gidan masu kuɗi, toka ya samu, saboda gida ne ƙato amma babu ko tsintsiya a cikinsa. Haka suke yi kullum, a yi ta musu har a kira magariba, kowa ta tashi tana ganin ita ta yi nasara. Ijeoma ba ta taɓa faɗa ba, amma duk ranarta wannan lokacin take jira.

Sai ranar da aka turo musu fim ɗin wani ƙauye da 'yan bindiga suka tayar. Ijeoma ta sha kuka har da majina. Da aka gama ta share fuska da gefen zane ta ce, "Goma. Wannan goma cikin goma ne."

"Toka," in ji Ya Kellu.

"Toka?"

"Toka mai sanyi ma. Matar nan tana gudu a daji tana rusa kuka, tana ƙwala wa ɗanta kira. Wa ya gaya musu haka ake yi? A daji ba a kuka. Kika yi kuka an ji ku. Hannu ake sawa a toshe bakin yaro har ya cije ki. Ga takalma a ƙafarta, biyu, iri ɗaya. Ga kwalli a idonta. Sun ɗauki wahalar mutane sun yi kwalliya da ita."

"Haba, fim ne fa. Matar ta rasa ɗanta, ke ko hawaye ɗaya ba ki yi ba, takalmi kike dubawa." Ran Ijeoma ya ɓaci, don ta ji kamar kukanta aka raina. "Ke dai ba ki da zuciya, Ya Kellu. Sam ba ki da zuciya."

Ya Kellu ta dube ta. "Haka kika gani?"

"Haka ne mana. Tun da na san ki haka kike. Kowa a gidan nan ya sani."

Abin da Ijeoma take nufi rashin tausayi ne, ta ɗauko maganar yadda ake faɗinta a can wajensu ta sa mata rigar Hausa, ta kuma wuce ɗaki tana ganin ta faɗi gaskiya. Ya Kellu ta naɗe gefen tabarmar da take kai, ta miƙe a hankali.

Washegari kaya suka fara dawowa. Bokiti, kujerar tsuguno, cajar waya, wani tsohon mayafi da Ijeoma ta ma manta ta ba ta. Ya Kellu ta daina ɗibar ruwa a durom ɗin Ijeoma, ta koma ɗauko jarka daga famfon bayan layi, ga ƙafafunta sun kumbura, ga numfashin da ba ya isarta. Ijeoma tana kallo, haushi yana cin ta. Wannan wane irin girman kai ne? Don an ce fim ya yi kyau?

Ta ci gaba da baza tabarma ita kaɗai, ta ƙure ƙarar waya. In an gama sai ta fuskanci labulen nan ta ɗaga murya. "Tara! Na ba shi tara! Wanda bai yarda ba ya fito ya faɗa!" Har wani fim ta sa wanda ita kanta ta san shirme ne, aljani da agogo a hannu, ta ba shi goma don dai a tanka mata. Ba a tanka ba. Sai tari kawai daga cikin ɗakin, mai tsawo, wanda yake sa ta kashe wayar ta kasa kunne, sannan ta ƙara jin haushin kanta da ta kasa kunnen.

"Ki je ki ba ta haƙuri," in ji Vitalis.

"In ce sori a kan me? A kan takalmi?"

Ran da Ya Kellu ta dawo da farfesun nan, Ijeoma ta rantse ta daina. Rantsuwar ba ta kwana biyu ba. Da hantsi aka shigo da Ya Kellu ranga-ranga, ta faɗi a hanyar famfo. Vitalis ya kawo keke napep a kai ta asibiti, ta buɗe ido ta ga ko waye, ta girgiza kai ta riƙe ƙafar gado. Nana Hauwa, tsohuwar da ke da gidan, ta yi lallashi har ta gaji, ta fito ta sami Ijeoma a tsakar gida tana zagaye.

"Nana, kin gani ko? Za ta kashe kanta don ta ba ni haushi."

"Ni fa na kasa gane muku. Me kika yi wa baiwar Allahn nan?"

"Ba komai. Fim muka kalla, ta ce toka, na ce ba ta da zuciya. Shi ke nan fa."

Nana Hauwa ta yi salati a hankali. "Kika ce da ita me?"

"Ba ta da zuciya. Ba ta jin tausayi."

"Maman Ginika, wannan ba shi ne rashin tausayi ba. In aka ce mutum ba shi da zuciya, ana nufin ya zubar da kansa. A ba shi ya karɓa, a zage shi ya dawo, ya kwanta sai an ci da shi. Matar da ta bar gidanta da rumbunta, take cin miyar tukunyarki, kika dube ta kika ce mata haka?"

Ijeoma ta tuna ta ƙara da cewa kowa a gidan ya sani. Sai fushi ya taso mata, wanda ya fi na baya, ta rasa wa za ta zuba wa.

"Kuna gidan nan kuna gani, ba wanda ya tambaye ni! Ita ma ba ta da baki ne? Ta zage ni mana, ta mare ni, ta ce me kike nufi. Wane irin yare ne wannan, kalma ɗaya ta je ta yanka mutum a inda ba ka aike ta ba?"

"Magana zarar bunu ce," in ji Nana Hauwa. "Je ki dai ki gwada."

Ta ɗaga labulen da ta yi makonni tana harara. Ɗakin yana ƙamshin turare, kwalaben jere a kan taga. Ya Kellu tana kwance an tokare ta da matashi, bakinta yana motsi. Ijeoma ta durƙusa a gaban gado.

"Ya Kellu, ni ce. Ba abin da nake nufi ba ke nan. Tausayi nake nufi, shi ma ƙarya na yi. Kina da zuciya, kin fi kowa a gidan nan. Fim ɗin ma toka ne, kin ji? Toka ne."

Ya Kellu ta juyo da ido, ta yi magana, amma ba da Hausa ba.

"Tun da aka shigo da ita haka take," in ji Nana Hauwa daga bakin ƙofa. "Hausar ta tafi, Kanuri kaɗai ya rage. An kira ƙanenta Aji, ya taso daga Maiduguri, yana hanya."

"A kira shi ya fassara."

"An yi ta kira, ba ta shiga."

"To a samo wani. Duk Manawashi babu mai jin Kanuri?"

Vitalis ya fita nema. Ijeoma ta sake maimaita maganarta, a hankali, kalma-kalma, kamar rashin ji ne matsalar. Ya Kellu ta kamo wuyan hannunta ta riƙe da ƙarfin da ba a zata ba. Ta dube ta sosai, ta faɗi wata gajeriyar magana. Ta sake faɗinta. Ijeoma ta kama sautin ta riƙe a baki, tana juya shi don kada ya zube. Kafin Vitalis ya dawo da wani mai sayar da hula da ke jin Kanuri, rai ya yi halinsa, Nana Hauwa ta riga ta shafe wa Ya Kellu ido.

Mata suka yi mata wanka a bayan ɗaki. Aji ya iso dab da la'asar, aka sallace ta aka kai ta. Nana Hauwa ta zagaya tana cewa duk wanda marigayiya ta ɓata wa ya yafe mata. Da ta zo kan Ijeoma, Ijeoma ta ce, "Ni zan yafe? Nana, ki wuce kawai." Mai hular ya so ya ji maganar, ta hana, ta ce ɗan'uwan marigayiya za ta faɗa wa.

Da maza suka dawo daga maƙabarta ta tare Aji a zaure. Dogo ne, ƙurar kabari har gwiwar wandonsa.

"Baba Aji, ni ce maƙwabciyarta. Ta gaya mini magana kafin ta tafi. Ka faɗa mini me ta ce."

Ta faɗa masa. Ya sunkuyo da kai. "Sake faɗa."

Ta sake. Ya rufe ido, ya gwada a bakinsa, ya juya ta wata fuskar ya kuma gwadawa.

"Ki yi haƙuri," ya ce. "Maganar ta karye a bakinki, na kasa haɗa ta. Ki ɗauka alheri ta faɗa."

"Ba na so in ɗauka. So nake in sani."

"Allah ya sani," in ji Aji, ya koma wajen masu gaisuwa.

Ijeoma ta zagaya bayan ɗakin ta tsuguna. Ruwan wankan ya jiƙa ƙasa har gindin katanga, ya fara bushewa daga gefe. Ta sake faɗin maganar a hankali, ta ji ba haka ta fito ba ɗazu. Wata kaza ta zo ta tsaya a kan danshin, tana tona inda bai gama bushewa ba.